Zauren 'Yan Mata: Ranar da Mota Ta So Ta Kunyata Ni



Hunturun bana maigida ya yi tafiya ya bar mini tsohuwar motarsa mai kafireta. Ranar da 'yata ke da jarrabawa ƙarfe 8, na murza makulli, mota ta yi ta tari tana karkarwa kamar mai masassara. Da ƙyar ta tashi, muka isa ana shirin rufe ƙofar makaranta. Wani bakanike ya ce wai sai an sauke inji. Gabana ya faɗi, ina na ga kuɗin?

Sai na kira Yayana, tsohon direba. Ya ce, "Ke dai kwantar da hankalinki, buɗe bonet mu gani." Kan batir duk ya yi farin gari, muka goge muka ɗaure tamau. Ya ce sanyi yana rage wa batir ƙarfi, ya sa baƙin mai ya yi kauri. Ya kwance fulogi huɗu, duk sun yi baƙi ƙirin. Ashe ƙura ce ta toshe matatar iska, fetur ya rinjayi iska a inji. Muka sauya matatar da fulogin. Washegari murzawa ɗaya ta tashi!

Don haka ƙanwata, ko motar Baba ce, leƙa ki koya. Kafin a ce miki inji, a fara duba batir, fulogi da matatar iska. Rashin sani ya fi dare duhu.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba. Taku har kullum.