A Daytona, Gudun Gwaji Ba Shi Ke Cin Kofi Ba

Wasu matasanmu a Alajo, Nima da Maamobi sun fara bin tseren motocin Amurka na NASCAR a wayoyinsu. Da zarar an fitar da jerin gudun gwaji kafin tsere, sai musu ya kaure a wajen shan ataya: wane ne ya fi kowa gudu, don haka kofi nasa ne. Har akwai masu zuba kuɗinsu a caca bisa wannan jerin. Jama'a, a filayen Daytona da Talladega wannan lissafin ba ya aiki.

Dalilin kuwa iska ce. Zagayen Daytona a jihar Florida kusan kilomita 4 ne, na Talladega a Alabama ya ɗan fi haka. A 1987 Bill Elliott ya yi gudun da ya kai kilomita 342 a awa ɗaya a Talladega, kuma a tseren da ya biyo baya motar Bobby Allison ta tashi sama ta daki shingen 'yan kallo. Daga 1988 aka tilasta rage ƙarfin injina a filayen biyu. Sai motocin suka zama kusan tsara, suna tafiya a dunƙule kamar garke. Ta gaba ke tsaga iska, ta baya ta fake ta samu sauƙi, har ta dinga ingiza ta gaban. Duk wanda ya ga ayarin 'yan keke a Tour du Faso ya san wannan: wanda ya fita daga layi shi kaɗai, an bar shi.

To me jerin gwaji ke nunawa? Direban da ya dace ya faɗa bayan motoci biyar na zagaye ɗaya sai ya hau saman jeri da mota mai laushi. Wani mai mota lafiyayya ya zaga shi kaɗai, ya koma can ƙasa. Wasu ma zagaye kaɗan suke yi su ajiye mota, don tsoron kada a murƙushe ta tun kafin ranar tsere.

Tarihi ma ya shaida. A 1960 Junior Johnson ya ci Daytona 500 da Chevrolet ɗin da ba ta kai motocin Pontiac gudu ba, saboda ya gano dabarar fakewa a bayansu. A Oktoban 2000 Dale Earnhardt yana na 18 saura zagaye biyar a Talladega, Kenny Wallace ya ingiza shi har ya zo na ɗaya. A 2021 Michael McDowell ya ci Daytona 500, nasararsa ta farko a babban rukuni, bayan Joey Logano da Brad Keselowski sun yi karo a zagayen ƙarshe. Kai, daga 2001 zuwa 2025 babu wanda ya tashi daga gurbin farko ya ci wannan tseren.

Wani zai ce, kenan gwajin banza ne? A'a. A nan direba ke gane ko motarsa tana jure ingizawa ba tare da ta karkace ba, ko injin na zafi a cikin cunkoso. Amma wannan ilimin yana wajen direba da makanikansa, ba ya fitowa a lambar da kake gani a waya. A ƙananan filaye irin Martinsville, inda fakewa ba ta da tasiri sosai, gudun gwaji ya fi faɗin gaskiya.

Saboda haka idan Fabrairu ta zo za a buɗe Daytona, ka duba wa ke da abokan da za su ingiza shi, wa kuma ya iya kauce wa haɗarin da ke kwashe motoci goma a lokaci guda. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kuɗinka kuwa ka bar su a aljihu. Wanda ya sha wahalar nemansu a kasuwar Nima bai kamata ya miƙa su ga tseren da masu motocin kansu ba su san yadda zai ƙare ba.