Mu sayi madubin hangen nesa kafin Mars ta dawo



Muna da shawara guda da muke so ku kai gaban shugabanninku, ko da za ta ba wasu dariya. A cikin kuɗin da zumunta ke tarawa kowace shekara domin riguna da kayan kiɗa, a ware wani abu a sayi ƙaramin madubin hangen nesa, a ajiye shi a majami'a. Mun san tambayar da za ta biyo baya. Mutanen da suka yi shekaru ba su iya zuwa gona, waɗanda hanyar Kaduna ta zame musu abin fargaba, ina ruwansu da kallon sama?

Ku tuna da daren 27 ga Yuli 2018. Wata ya yi zazzaɓi, ya koma ja jawur, kusa da shi kuma ga wani jan tauraro yana haske fiye da yadda aka saba. Waɗanda hadari bai rufe musu sama ba sun gani. A lokacin ba a cika wata uku da kashe gomman mutane a Gwaska ba, zukata a ɗanye suke, don haka fassarar ba ta yi wuyar samuwa ba: jini a sama, jini a ƙasa. Har a bakin masu bi mun ji wannan magana.

Wancan jan tauraro duniyar Mars ce, kuma masana sun san ranar zuwanta shekaru da yawa kafin ta zo. Duniyarmu tana kewaya rana cikin kwana 365, Mars kuwa sai ta ɗauki kwana 687, domin da'irarta ta fi faɗi. Kamar masu tsere biyu ne a fili, na layin ciki yana cim ma na layin waje lokaci lokaci. Duk bayan kimanin wata 26 mukan zo daidai da ita, mu shiga tsakaninta da rana. A wannan lokaci takan fito daga gabas da faɗuwar rana, ta kai tsakiyar sama da tsakar dare, ta faɗi da asuba. A 2018 ta matso zuwa kilomita miliyan 57 da ɗoriya. A watan Agustan 2003 ta fi haka matsowa, ƙasa da miliyan 56, kusancin da ba a yi irinsa ba cikin kusan shekara 60,000. Jan launinta kuwa tsatsar ƙarfe ce a cikin ƙurarta, irin tsatsar da ta rina jar ƙasar da muke yin tubali da ita.

Tun daga 2003 ɗin ne wani saƙo yake yawo cewa a dare kaza Mars za ta yi girman wata. Ya fara a imel, ya bi Facebook, yanzu yana WhatsApp, wani lokaci da aya a manne a gindinsa. Ƙarya ce. Ko a mafi kusancinta, ido yana ganinta ɗigo ne mai haske. Matashin da ya taɓa duban ta da kansa ba zai tura wannan saƙo ga kowa ba, kuma wannan kaɗai ya isa dalilin sayen madubin.

Wani zai ce, Fasto, ai Yowel 2 ya yi maganar wata da jini, Bitrus ya maimaita a Ayyukan Manzanni 2, Ubangiji da kansa a Luka 21 ya ambaci alamu a rana da wata da taurari. Gaskiya ne, mun kuwa gaskata kowace kalma. Amma Ubangijin da ya faɗi haka shi ne ya ce a Matiyu 24 ba wanda ya san ranar ko sa'ar. Abin da ɗalibin sakandare zai iya duba kwanansa a waya shekara goma kafin ya faru, ta yaya zai zama sanarwar ranar da aka ɓoye wa mala'iku? A 2014 da 2015 wata ya yi cikakken zazzaɓi sau huɗu a jere, wasu masu wa'azi a Amurka suka rubuta littattafai, suka sayar, suka tsorata jama'a. Shekarun sun wuce. Irmiya 10 ya riga ya gargaɗi mutanen Allah kada su razana da alamun sama yadda al'ummai ke razana, Ishaya 47 kuma ya yi wa masu duban taurari na Babila ba'a. Farawa 1 ya nuna an sa fitilun sama domin ƙidayar lokatai da kwanaki da shekaru. Duniyar da ke dawowa a kan lokacinta, ba ta makara, ba ta wuce gona da iri, shaida take yi cewa Mai riƙe da ita bai yi gyangyaɗi ba, har a shekarun da muke binne 'yan'uwa.

Mutumin da ya gano yadda Mars ke tafiya, Yohannes Kepla na ƙasar Jamus, karatun tauhidi ya yi da niyyar zama fasto, sai aka tura shi koyar da lissafi. Ya yi shekaru yana fama da alƙaluman da Taiko Brahe ya tara da ido kawai, har a 1609 ya bayyana cewa da'irar Mars ba zagaye sosai take ba, ta ɗan miƙe kamar ƙwai. Shi ya sa wata zuwan takan yi kusa ƙwarai, wata zuwan ta tsaya nesa. (Shi ma ya taɓa yi wa manya duban taurari don neman abinci. Wannan ɓangaren ba mu yaba masa ba.)

To me za ku gani? Kada ku sa rai da irin hotunan intanet. Mars a ƙaramin madubi ɗan faifai ce mai ruwan goro. Jupita ce za ta biya ku kuɗinku. Ita takan matso duk bayan kimanin wata 13, kuma ko da tabarau na hangen nesa mai ido biyu, idan kun jingina shi a kan katanga don kada hannu ya yi rawa, za ku ga ƙananan ɗigo a jere a gefenta. Watanninta ne guda huɗu da Galileo ya gani a Janairun 1610. Ku zana inda suke yau, ku dawo gobe, za ku tarar sun sauya wuri. Madubi mai faɗin baki milimita 70 ko 80 zai nuna muku ratsin da ke jikinta, ya nuna muku zoben Satun. Mu da ke kusa da tsakiyar duniya muna da rabo a nan, domin duniyoyin nan sukan bi ta saman kanmu, ba can ƙasa ƙasa ba kamar yadda Turawan arewa kan gan su. Manhajar Stellarium kyauta ce, za ta nuna muku wadda ke sama a kowane dare. Abu ɗaya ne haramun: kada kowa ya juya madubi wajen rana, nan take ido zai ƙone.

Sai maganar tsaro, wadda ba ta wasa ba ce. Tun da aka yi sulhu a ƙarshen 2024 aka sake buɗe kasuwar shanu, mutane sun fara numfasawa, muna gode wa Allah. Amma dajin Kamuku da na Kuyambana suna nan inda suke, zato kuma bai mutu ba. Saurayi a bakin gari da dare, riƙe da doguwar aba mai ƙafa uku, yana neman a ɗauke shi mai kai rahoto ko mai ɗauke da makami. Saboda haka a yi kallon a cikin harabar majami'a ko tsakar gida, da sanin dattawan ikilisiya, da sanin mai unguwa da masu gadin unguwa, a tashi da wuri. Duniyoyin nan suna da haske sosai, ba su bukatar a fita bayan gari neman duhu.

Ku gayyaci maƙwabta kuma. A cikin tsofaffin malaman garin nan akwai waɗanda suka san sunayen Mirrihu da Mushtari da Zuhalu daga littattafansu, ba su taɓa ganin zoben Zuhalun da idonsu ba. Iyayenmu manoma sun san Zara matar wata, sun san Kaza da 'ya'yanta, wadda Allah ya tambayi Ayuba a kanta a sura ta 38. A ba su kujera kusa da madubi, su faɗa wa yara sunayen.

Mars za ta sake zuwa a watan Fabrairun 2027, lokacin rani, sai dai daga nesa za ta tsaya, wajen kilomita miliyan 101, kuma hazo na iya rage mata haske. Babbar zuwanta sai Satumban 2035. Kafin nan akwai Jupita kusan kowace shekara ta koyon hannu. Ma'ajin zumunta ya fara tambayar farashi a Kaduna, a kawo maganar a taron kwamiti mai zuwa.