A Riyad, kare kai ma sai da kuɗi

A majalisun Kano da Zariya, duk sanda aka kawo labarin wani kisa da kotu ta shekara goma tana jan ƙafa a kansa, ba a rasa mai buga cinya ya ce ai da a Saudiyya ne da tuni an wuce wurin. Wanda ya kashe a kashe shi, wanda ya kare kansa a sallame shi. Maganar tana da daɗin ji, sai dai galibin masu yin ta iyakarsu Makka da Madina, su yi makonni su dawo da dabino da haƙorin Makka. Wanda ya zauna a Riyad, ya san yadda 'yan aikatau ke rayuwa a bayan dogayen katangu, ya san rabin farko ne kawai ke tabbata. Rabi na biyu kuwa yakan rataya ne a kan tambaya guda: wa zai biya?

Darsem 'yar Indonesiya ce mai aikin gida a Riyad. A ƙarshen 2007 ta kashe wani mutum ɗan asalin Yaman a gidan da take aiki, ta ce fyaɗe ya zo yi mata. A 2009 kotu a Riyad ta yanke mata hukuncin kisa. Hujjar kare kai ba ta fitar da ita ba. Abin da ya fitar da ita shi ne dangin mamacin sun yarda su yafe a kan riyal miliyan 2, gwamnatin ƙasarta kuma ta biya a 2011, bayan da sare kan wata 'yar ƙasar mai suna Ruyati a Makka ya tayar da ƙura a Jakarta. Tuti Tursilawati ma cewa ta yi cin zarafinta ake yi lokacin da ta doke wani dattijo har ya mutu a gidan aikinta a Ta'if a 2010. Ita ba a yafe mata ba. An kashe ta a Oktoban 2018, ko sanar da gwamnatinta ba a yi ba sai bayan an gama.

Mata biyu, da'awa iri ɗaya, ɗaya ta koma gida, ɗaya tana kabari. Abin da ya raba su yafiya ce da kuma kuɗi.

Nan ne masu kare tsarin kan yi wuf su ce ai shari'a ce, wa ya isa ya ja da ita. Su ne ma ya kamata su koma littattafan. Malaman fiƙihu sun daɗe da warware babin tunkuɗe mai kawo hari: wanda aka afka wa a kan ransa ko mutuncinsa ko dukiyarsa yana da ikon tunkuɗewa, in kuma ba yadda za a yi sai da kisa, jinin maharin ya tafi a banza. Inda gizo ke saƙar shi ne tabbatarwa. Mafi yawan malamai sun ce sai wanda ya yi kisan ya kawo shaidu, in ba haka ba kowa sai ya kashe maƙiyinsa ya ce hari aka kawo masa. Hikimar a fili take. To amma ina yarinyar da aka karɓe wa fasfo da waya, aka rufe ta a gidan da duk mazauna cikinsa dangin mamacin ne, za ta samo shaida? Ibn Taimiyya, wanda alƙalan Saudiyya ke girmamawa fiye da kusan kowa, ya buɗe ƙofa a nan: ya ce a duba halin mutanen biyu, in mamacin sananne ne da fasadi, wanda ya kashe shi kuma sananne da kirki, a karɓi maganarsa da rantsuwa. Ɗalibinsa Ibnul Ƙayyim ya rubuta littafi sukutum kan yin hukunci da alamomi. Kayan aikin suna nan a cikin mazhabar Hambaliyya ita kanta. Abin da ake rasawa shi ne mai tsaya wa baƙuwa ya nemi a yi aiki da su: lauya tun ranar kamu, tafinta mai jin harshenta, likitan da zai duba jikinta kafin tabon ya warke.

Ɗan Najeriya bai kamata ya ga wannan a matsayin labarin nesa ba. Suliamon Olufemi, da aka kama a Jidda a 2002 kan mutuwar wani ɗan sanda, an yanke masa kisa a 2005, kuma ƙungiyar Amnesty ta daɗe tana cewa ba lauya ba tafinta aka yi shari'arsa, aka sa shi dangwala yatsa a takardar Larabci da ba ya iya karantawa.

Sai batun diyya, wadda ta tashi daga rahama ta koma ciniki. Adadin da hukuma ta tsayar tun 2011 shi ne riyal dubu 300 a kisan kuskure, dubu 400 a na ganganci, ƙimar raƙuma ɗari. Amma kuɗin sulhun da magada ke nema don su janye ƙisasi ba shi da iyaka. Stephen Munyakho, ɗan Kenya da ya yi faɗa da abokin aikinsa a 2011, ya ce shi aka fara soka. Da farko ɗaurin shekaru aka yi masa kan kisan da ba na ganganci ba, daga baya aka ɗaukaka ƙara hukuncin ya koma kisa. Sai a 2025 ya shaƙi iska, bayan ƙungiyar Rabiɗa ta Musulmin duniya ta biya dala miliyan 1. Su kansu malaman Saudiyya sun sha yin tir da wannan tsawwalawa, don haka ba zancen maƙiya ba ne.

A Fabrairun 2021 Yarima Muhammad bin Salman ya yi alƙawarin manyan dokoki huɗu a rubuce, shi da kansa yana cewa rashinsu ya sa hukunci ke bambanta daga alƙali zuwa alƙali. Ta iyali ta fito, ta shaida ta fito, ta mu'amala ta fito a 2023. Ta hukunta laifuka ce ta tsaya a baya. A watan Maris na 2021 ɗin aka sassauta tsarin kafili, aka bar masu aikin gida a waje, wato waɗanda suka fi kowa buƙata.

Ba kuma a ce a gida Najeriya an tsira ba. A Maris 2025 Kotun Ƙolin Najeriya ta tabbatar da kisa a kan Sunday Jackson, manomin Adamawa da ya ƙwace wuƙar wanda ya afka masa a gona ya kashe shi, bisa hujjar cewa da ya ƙwace ɗin sai ya gudu. Mai shari'a Helen Ogunwumiju ce ta ƙi yarda. Bambancin shi ne Jackson ya samu lauyoyi da jaridu da alƙaliyar da ta rubuta saɓani kowa ya karanta. Yarinyar da ejan ya ɗauko daga Kurna ko Rijiyar Lemo da alƙawarin aikin shagala a Riyad tana sauka ne ba ta jin Larabci, ba ta da lambar ofishin jakadanci, fasfonta kuma yana aljihun kafili tun daga filin jirgi.