Gona da Gida: Wutar Rani, Ambaliyar Damina

Hunturu ya kama, ciyawa ta bushe, da dare kuwa ana hangen wuta a dajin hanyar Kachiya. Wani gafiya yake nema, wani sabon tsiro domin shanu, wani kuwa sharar gona. In gari ya waye aka ga toka, sai a ce magana ta ƙare. Ba ta ƙare ba, ruwan fari take jira.

Ciyawa da busasshen ganye su ne rigar ƙasa. A Kaduna muna samun ruwan sama fiye da milimita 1,000 a shekara, kusan duka tsakanin Afrilu da Oktoba, na fari kuwa da ƙarfi yake zuwa. In ya tarar da ƙasa tsirara, ba ya tsayawa ya shige ta. Sai ya kwashi ƙasar sama mai albarka duk da tokar, ya zuba a rafi, rafi kuma ya miƙa wa kogin Kaduna. Gona ta rame, rafi ya cike da yashi, ruwan sha ya gurɓace. Mu na Barnawa ba mu manta da ambaliyar Satumba 2003 ba. Yawan ruwa da gine-gine a bakin kogi suna da nasu laifi, amma kogin da yashi ya cika masa ciki shi ne mai saurin tumbatsa.

Mai hankali yakan share hanya kewaye da gonarsa don wuta ta tsaya can. Wannan daidai ne. Sai dai hanyar nan ma, in an yi ta da ganganci, ita ce kwazazzabon baɗi. Saboda haka a lura da abu huɗu:

1. In ƙuna ta zama dole, a yi ta da wuri, wajen Nuwamba, tun ciyawa da sauran ɗanyenta, da yamma bayan iska ta kwanta. Haka ma'aikatan gandun daji suke yi. Wutar Fabrairu da Maris takan cinye har ƙananan itatuwa.

2. A yanke ciyawar hanyar da lauje ko adda, kada a tuge saiwa. Saiwa ce ke riƙe ƙasa.

3. Inda hanyar ta bi gangara, a tada kunya a gicciye nan da can, ko a jera duwatsu kafin damina, don ruwa ya karkata ya shiga ciyawa.

4. A bar wa rafi gemunsa. Kamar taku 20 daga bakin ruwa, kada wuta ko fartanya ta taɓa. Inda ya riga ya zama fili, a dasa jema ko gora.

Tun 2011 akwai dokar Gwamnatin Tarayya, a hannun hukumar NESREA, a kan ƙona daji barkatai. Amma mai bi ba ya jiran tsoron hukuma. Farawa 2:15 ta nuna mana aiki biyu aka ba Adamu a gonar Adnin, noma da tsaro. Na farin mun riƙe, na biyun fa? Wanda ke ƙasa da kai a bakin rafi maƙwabcinka ne, ko ba ka san sunansa ba.

Iyaye, ku ja kunnen yara a kan ashana da farautar ɓera. Dattawan ekklesiya, ku sa maganar nan cikin sanarwar Lahadi tun iska ba ta yi ƙarfi ba. Allah ya ba mu ikon riƙon amana. Sai wata mai zuwa.