Wace Irin Kyauta Ce Ake Sa Wa Hannu a Shafi Bakwai?



Mako uku ke nan wasu samari masu riguna iri ɗaya suna bin unguwar nan gida-gida da takardu a hannu, suna cewa kamfaninsu zai ɗora wa kowa sola a kan rufi kyauta. Biyu daga cikinsu ma 'ya'yanmu ne, a nan aka yanke musu cibi, shi ya sa ake buɗe musu ƙofa har tsakar gida. Ranar Juma'ar da ta wuce suka aiko a roƙe mu mu yi musu sanarwa da lasifikar masallaci bayan Magariba. Muka ce a kawo takardar mu gani tukuna. Sai da aka yi kwana biyu ana jan ƙafa sannan aka kawo ta: shafi bakwai, da Turanci, rubutu ƙanana kamar jerin tururuwa. Muka sa wani yaronmu da ya karanci aikin lauya ya bi mana ita layi-layi yana fassarawa. Da ya kai ƙarshe muka ce ba za a yi sanarwar ba. Tun daga ranar ake ta ƙananan maganganu a bakin titi, wai Liman ya tare wa talakawa hanyar alheri, wai don shi yana da janareto a shago. To ga amsarmu a rubuce.

Kada wani ya ɗauka ba mu san zafin da ake ciki ba. Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da aka ce an cire tallafin mai, litar fetur da muke saya ƙasa da naira 200 ta kai wajen 500 cikin 'yan kwanaki, kafin 2024 ta ƙare kuma ta wuce dubu. Ƙaramin janareton da ake tayarwa da dare ya koma kayan ajiya a bayan ƙofa. A watan Afrilun 2024 aka ɗaga wa 'yan rukunin A kuɗin wuta zuwa naira 225 kowane yunit, waɗanda ba a ɗaga wa ba kuma wutar ce ba sa gani. Tela na zaune da ɗinkin mutane, mai zoɓo tana sayen ƙanƙara da ribarta, yara na kwana a ƙofar ɗaki don zafi. Duk wanda ya zo wa mai irin wannan hali da maganar wuta kyauta, dole a saurare shi. Kuma mu ba abokan gabar sola ba ne. Rana ta Allah ce, babu mai saka mata mita. Rigimarmu da kalmar "kyauta" ce, da takardar da ke bayanta.

Ga abin da takardar ta ce. Ɗorawar ce kawai ba a biya. Faranti da batir da inbata duk na kamfani ne har tsawon shekara biyar. Kowane wata mai gida zai biya abin da suka kira kuɗin hidima, kuma kamfani na da ikon ƙara kuɗin idan ya ga dama, saƙon waya kawai zai turo. A cikin akwatin akwai layin waya. Ranar da ka makara, daga ofishinsu za su kashe maka wuta kana zaune, rana na dukan farantin a kan rufinka. Kowace makara da tararta. Idan ka yi wata uku ba ka biya ba za su zo su kwance kayansu, abin da ka biya a baya kuma ya tafi ke nan, ko da shekara huɗu ka yi kana biya. Batir idan ya mutu bayan shekara biyu, kai za ka sayi sabo. Gobara, sata, iska ta yaye kwano, duk a wuyanka.

Mu 'yan kasuwa ne jikokin 'yan kasuwa. Tun da aka kafa Sabon nan a 1916 da bashi ake cinikin shanu da goro, maigida ya tsaya wa baƙonsa, dillali ya karɓi la'adarsa, kowa ya san abin da ke kansa da ranar biya. Ba bashi muke tsoro ba. Amma a duk tsawon zamanmu a kasuwa ba mu taɓa jin an kira bashi kyauta ba sai yau.

Karatunmu na zaure da Islamiyya ne, ba mu ce mu muftai ba ne, kuma muna roƙon manyan malamanmu su duba su gyara mana. Amma abin da muka koya a babin ciniki bai ɓoyu ba. Sayar da kaya bashi da farashin da ya ɗara na kuɗi hannu, mafi yawan malamai sun halatta shi, da sharaɗin a tsaya a kan farashi ɗaya sananne tun a wurin ƙulla ciniki. A takardar nan ina farashin? Babu. Akwai kuɗin wata wanda ɓangare ɗaya ke iya ƙarawa shi kaɗai. Mai sa hannu bai san nawa zai biya gaba ɗaya ba, wannan kuwa shi ne abin da malamai ke kira garari, wato ciniki a cikin duhu, kuma an hana shi. Tarar da ake ɗorawa a kan bashi saboda jinkiri, kowane ɗan Islamiyya ya san sunanta.

Sai babbar tambayar da muka yi wa ejan ɗin da kansa, ya rasa amsa ya ce zai tambayi ogansa. Ciniki ne ko haya? In ciniki ne, kayan sun zama namu tun ranar da aka ɗora, saura bashi ne a kanmu, to da wane dalili za a kwashe su a kuma cinye abin da muka riga muka biya? In kuwa haya ce, abin haya amana ne a hannun mai haya, lalacewarsa ta mai shi ce matuƙar ba a yi sakaci ba. Wanda ya kama hayar ɗaki a gidanka, damina ta rusa bango, shi zai sake gini? To me ya sa batirin da ya mutu don tsufa zai dawo wuyanmu? Sun shiga babin ciniki sun ɗebo nauyi sun ɗora mana, sun shiga babin haya sun ɗebo mallaka sun riƙe wa kansu. Wanda ya tsara takardar nan ya san aikinsa, ba don mu ya tsara ta ba.

Kuma batirin nan da suka zame daga kansa, shi ne cikin maganar. Faranti abu ne mai juriya, yakan yi shekara ashirin ko fiye yana aiki. Batir ne ke cin kuɗi, shi ne kuma ke mutuwa. Mai ruwa, irin wanda aka fi ɗorawa a kayan araha, shekara biyu zuwa huɗu ne ƙarfinsa, in ana zuƙe shi ƙarƙaf kowane dare ma ba ya kaiwa. Ke nan ranar da za a ce kaya sun zama naka, ka riga ka sayi batir sau ɗaya ko sau biyu daga aljihunka. Ku ɗauki biro ku yi lissafi da kanku. A ce kuɗin wata naira 15,000 ne, ba a ƙara ko kwabo ba. Wata 60 ya kama naira 900,000, ban da batir. Kafin kowa ya sa hannu, ya rubuta girman farantin da na batirin da na inbatar a takarda, ya shiga kasuwa ya tambayi shago uku nawa suke kuɗi hannu. Bambancin da ya gani, shi ne kuɗin kyautar.

Wani abin kuma, mata da yawa sun ɗauka firiza za su kunna. Hajiya, ƙaramin akwatin nan ƙwai ne da fanka da talabijin da cajin waya. Ba ya ɗaukar dutsen guga, ba ya ɗaukar injin jan ruwa, firiza kuwa sai an ƙara faranti da batir, wanda ke nufin wata takardar da wani kuɗin. Kuma nan Ibadan ce, ba Sakkwato ba. Daga Yuni zuwa Satumba sai a wuni hadari bai buɗe ba, da hunturu kuma ƙura ta lulluɓe farantin sai an hau an goge. Kuɗin wata ba ya raguwa don an yi hadari.

Yanzu mu zo kan rufin kansa, wanda a ganinmu nan ne rigimar gobe take kwance. Gida nawa ne a Sabo na mutum ɗaya? Yawancinsu gidajen gado ne da ba a raba ba, magada goma sha, wasu a Kano, wasu a Zariya, wasu a Agege, ga marayu, ga 'yan haya ɗaki-ɗaki. Takardar tana neman sa hannun "mai gida", kuma mun ji an karɓi sa hannun ɗan haya a wani gida, an karɓi dangwalen yatsar wata tsohuwa a wani. Wa ya ba magaji ɗaya izinin ɗaure rufin kowa da kowa shekara biyar? In aka huda tsohon kwanon nan da ya sha tsatsa, ruwan Afrilu ya fara zuba a ɗakin da ba shi da ko ƙwai ɗaya a solar, wa zai gyara? In aka tashi raba gado ko sayar da gida, mai saye zai karɓa da bashin wani a samansa? Duk waɗannan ƙararraki gaban Sarki za su zo, ko zaurenmu, a lokacin ejan ya daɗe da canza aiki.

Akwai kuma abin da ba ma son faɗa amma dole ne. Mu baƙi ne da muka zama 'yan gari, amma ba mu manta da abin da ya faru a kasuwar Shasha a watan Fabrairun 2021 ba, yadda shaguna da gidaje suka ƙone, mutane suka hau mota da kayan jikinsu. Allah kada ya maimaita mana. Amma mutumin da ke zaune a irin wurinmu, ya sa hannu cewa ko gobara ce ta cinye kayan kamfani shi zai biya, ya kuma ba da lambar BVN da ta NIN, bashin nan zai bi shi har ƙauyensu.

Masu cewa ai a ƙasashen Turawa ana yi, gaskiya ne an yi. A Ingila daga 2010 aka kafa tsarin biyan duk wanda rufinsa ya samar da wutar sola kuɗi a kan kowane yunit. Kamfanoni suka bazu suna ɗora wa mutane faranti ba ko sisi, su kama hayar rufin shekara 25, su riƙa karɓar wancan kuɗin, mai gida kuma ya sha wutar rana ba tare da ya biya su ba. Can an san inda ribar kamfani ke fitowa. Duk da haka wasu da suka tashi sayar da gidajensu sun sha wahala, don bankuna na ɗari-ɗari da gidan da rufinsa ke hannun wani, a 2019 kuma aka rufe tsarin ga sababbin shiga. A nan Sabo babu mai biyan kowa don rufinsa ya samar da wuta. To ribar daga ina za ta fito in ba daga aljihunka ba? Banza ba ta kai zomo kasuwa. Ko shirin Gwamnatin Tarayya na Solar Power Naija da aka fito da shi a ƙarshen 2020 da burin kai wa gidaje miliyan 5, ba a ce kyauta ba ne, cewa aka yi a riƙa biya a hankali.

Ku kuma 'ya'yanmu biyu, ba mu ga laifinku don kun nemi na kanku ba, zaman banza ya fi wannan muni. Mun san kamasho ake ba ku a kan kowane sa hannu. Amma da fuskarku aka shiga gidajen nan, da sunan iyayenku aka yarda. Ranar da aka kashe wa Inna wuta a tsakiyar azumi, ba ofishin kamfani za ta je ba, ƙofar gidanku za ta zo. Ku riƙa cewa "bashi ne, ga sharuɗɗansa", wanda ya ga zai iya ya shiga da idonsa biyu. In kun faɗi haka, mu da kanmu za mu ba ku lasifika.

Ba kuma cewa muke kowane kamfani haka yake ba. Wanda ya zo da farashi ɗaya a rubuce, da ranar gamawa, babu tara, ya ɗauki nauyin batir muddin kayan na hannunsa, ya yarda a fassara takardar da Hausa a karanta a gaban shaidu, marhabin da shi, ko ribarsa ta yi yawa. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, a ƙarshen Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa masa shaidu ta sauka. Wanda ya ƙi a karanta takardarsa a bainar jama'a, shi ya san abin da ke ciki.

Mu kuwa abin da muka fi so shi ne hanyar da muka gada. Gida goma su haɗa adashi, duk wanda ya ɗauka a je kasuwa da shi tare da mai haɗa sola da aka sani a unguwa, a sayi daidai ƙarfinsa kuɗi hannu, a fara ware kuɗin batir na gaba tun daga watan farko. Zai ɗauki lokaci, na ƙarshe a layi zai yi haƙuri, amma ranar da aka ɗora nasa ne, babu mai kashe masa daga nesa.

Waɗanda suka riga suka sa hannu, kada kunya ta hana ku fitowa. Ranar Asabar bayan La'asar za mu zauna a zauren masallaci tare da yaron nan lauya. A zo da takardar, da rasit, da duk saƙon da aka turo a waya. Mata kuma su aiko da nasu ta hannun malamar Islamiyya, ko su zo ranar Lahadi da hantsi. Wanda ba a ba shi kwafin abin da ya sa wa hannu ba, shi muka fi son gani.

Wassalam.