Kare Mai Taurin Kai Ba Bulala Yake Bukata Ba

Sau da yawa mukan ji mutumin da ya ajiye kare don gadin gida yana cewa, "Wannan kare so yake ya fi ƙarfina, sai na nuna masa ni ne maigida." Daga nan sai sarƙa da bulala. A ganinmu wannan babban kuskure ne, kuma yawanci yaron maƙwabta da aka aiko gidan shi ke shan wahalarsa.

Har Turawa ma sun daɗe cikin wannan kuskure. A 1947 wani masani, Rudolf Schenkel, ya rubuta abin da ya gani ga kyarketai da aka tsare a gidan namun daji na Basel, a ƙasar Suwizalan, suna ta faɗa a kan shugabanci. David Mech na Amurka ya yaɗa zancen cikin littafinsa na 1970, masu horon karnuka suka ɗauka. Amma a 1999 Mech ɗin da kansa ya janye, bayan ya lura da kyarketai a daji a tsibirin Ellesmere na Kanada. Ashe garken iyali ne, uwa da uba da 'ya'yansu. Faɗan da aka gani na baƙin juna ne da aka cusa wuri guda.

To, jama'a, ga inda haɗarin yake. Gurnanin kare gargaɗi ne. In kullum ya yi gurnani aka doke shi, sai ya daina gurnanin, amma tsoron da ke ransa yana nan, watau ran da zai yi cizo ba wanda zai ji gargaɗi.

Karen da ake kira mai taurin kai yawanci mai himma ne wanda ba a ba shi aikin yi ba. Malaman makaranta sun san irin wannan ɗalibi. A zaɓi kalma guda, kamar "zauna", kowa a gidan ya riƙe ta. Da ya zauna, nan take a miƙa masa ɗan nama, don in an jinkirta ba zai gane abin da ya jawo ladan ba. Darasin minti biyar sau biyu ko uku a yini ya isa. Kada a ajiye masa ƙwaryar abinci, ko a buɗe masa ƙofa, sai ya zauna tukuna. A fita da shi ya yi gudu kowace rana.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi: kwikwiyo ya saba da mutane da awaki kafin ya cika wata uku. Wanda kuwa ya riga ya taɓa cizo, kada a bar shi da yara, a kai shi asibitin dabbobi a duba ko ciwo ke damunsa, a kuma tabbata an yi masa allurar rigakafin haukan kare.