Kafin Mu Sayi Fure, Mu Tambayi Rijiya

Duk shekara in damina ta kusa, maganar gyaran harabar majami'a da ƙofar gida takan taso a taron dattawa da na zumuntar mata. Wani ya je Katsina, Kaduna ko Abuja, ya ga koriyar ciyawa shimfiɗe a gaban otal kamar tabarma, furanni ja da rawaya sun yi layi, sai ya dawo da sha'awar a yi irin wannan a gida. A tara kuɗi, a sayo dashe a cikin leda, a shuka da murna. Kafin watan Fabrairu ya ƙare, abin da ya rage sai busassun karare da ramukan da kaji ke birgima a ciki. Ra'ayinmu a wannan shafi shi ne: a ƙasar Batsari da Safana, kada mu zaɓi shuka don kyanta a ranar da aka saye ta. Mu zaɓi wadda za ta ƙetare rani da ƙafarta, ta sake tohowa baɗi ba tare da ta ci rabon ruwan gida ba.

Mu fara da lissafin ruwa, gama shi ne tushen maganar. Daminarmu ba ta cika wuce wata huɗu ba, daga Yuni zuwa Satumba. Sauran watannin hunturu ne da bazara. A lokacin zafi, gajeriyar ciyawar ado irin ta otal tana shan aƙalla lita 5 kowace rana a fili mai faɗin mita ɗaya da tsawon mita ɗaya. Fili mai mita 10 kowane gefe zai sha lita 500 ke nan, wato jarka 20 mai lita 25, kullum. Wa zai ɗebo wannan ruwa? Mun sani: mata ne da yara, waɗanda tun da asuba suke layi a bakin rijiyar burtsatse. Dattijon da ya amince a shuka irin wannan ciyawa ya ɗora musu aiki ne ba tare da ya shawarce su ba.

To, me za mu shuka? Amsar tana bakin gonakinmu tun zamanin kakanni.

Ta farko ita ce gamba. Ciyawa ce mai shekaru: tushenta yakan kwanta a ƙasa duk rani, ruwan fari na sauka ta toho tun kafin sauran ciyayi su farka. Takan fi mutum tsawo, kuma da kaka in ta fid da kai iska na kaɗa ta, babu mai cewa ba ta da kyau. Da ita ake saƙa zana, a yi jinka, a rufe rumbu, ɗanyenta kuma dabbobi suna so. A da, mutum yakan shiga dajin Rugu ya yanko abin da yake bukata. Shekarun hare-haren 'yan bindiga, musamman 2019 da 2020 da suka raba dubban mutane da ƙauyukansu a waɗannan ƙananan hukumomi biyu, sun koya mana cewa damin ciyawa bai kai a sayar da rai dominsa ba. Gambar da ke iyakar gona ta kusa da gari ko a bayan katanga ta fi wadda ke can cikin daji amfani.

Ta biyu ita ce jema, wadda muka saba gani a fadama. Saiwarta mai ƙamshi tana nutsawa ƙasa sosai, ba ta yaɗuwa gefe ta cinye fili. In aka dasa ta a jere, tazarar taƙi ɗaya tsakanin tushe da tushe, ta gicciye hanyar ruwa, sai ta zama shinge mai tare ƙasa da rage gudun ruwan sama. Tun ƙarshen shekarun 1980 Bankin Duniya ya riƙa yaɗa wata 'yar'uwarta ta ƙasar Indiya domin wannan aiki na hana zaizaya. Mu ga tamu a kusa. Wurin da ya dace da ita shi ne inda ruwan kwano ke zuba yana tone gindin gini, domin tana son laima fiye da gamba. Yawancin gine-ginenmu da gumin talakawa aka yi su, bulo bayan bulo. Layin jema ya fi gyaran tsagewar bango araha.

Ga masu son fure kuwa, akwai lalle. Yakan shekara da shekaru, ya zama shinge, ƙananan furanninsa farare suna cika gida da ƙamshi da yamma, ganyensa kuma iyayenmu mata sun san kasuwarsa. Akwai kariya, mai kaurin gindi, wadda ke ajiye ruwa a jikinta, ta yi fure ja-ja a tsakiyar rani lokacin da kome ya bushe. Turawa suna sayenta da tsada a tukwane, mu kuwa ga ta a ƙasarmu. Sai dai a kula: ruwan jikinta dafi ne, har mutanen da sukan shafa shi a kibiya. Kada a sa ta inda yara ƙanana ke wasa ko inda awaki ke kai baki. Don shinge kuma, aguwa ba ta neman kome: a yanko reshe a soke a ƙasa gab da damina, ta kama, dabbobi ba su cika damunta ba.

Ba muna cewa duk baƙon iri abin gudu ba ne. Bedi da zogale daga Indiya suka fito, yau sun zama 'yan gida. Bogenbiliya, mai ƙaya da fure kamar takarda, daga Kudancin Amurka take, amma in ta kama ƙasa tana jure fari. Ciyawar nan mai ƙamshin lemun tsami da ake sawa a shayi tana son ruwa, amma tushe biyu a bakin makwararar wurin wanke-wanke sun wadatar da gida. Ma'aunin ɗaya ne, ko irin gida ko baƙo. A tambayi mai sayarwa: shekara nawa take yi, kuma kwana nawa za ta yi babu ruwa a watan Afrilu? In ya kasa amsawa, a je a duba gidan da ta riga ta shekara biyu kafin a fid da kuɗi.

Darasin nan maƙwabtanmu na Maraɗi sun riga mu koyonsa. An yi shekaru ana dasa itatuwa a can, yawancinsu suna mutuwa. A 1983 wani ma'aikacin mishan na SIM, Tony Rinaudo, ya lura cewa ƙananan tsirran da manoma ke sassabewa kowace shekara tohon kututturan itatuwa ne masu rai a ƙasa. Aka fara barin 'yan rassa masu ƙarfi ana gyara su, abin da ake kira sassabin zamani. Ta wannan hanya miliyoyin kadada suka sake samun itatuwa a kudancin Nijar. Abin da ya riga ya saba da ƙasa shi ya yi nasara, ba abin da aka ɗauko daga nesa ba.

Mun san akwai masu ja da wannan magana, kuma suna da hujja. Doguwar ciyawa takan ɓoye maciji, busasshiya kuma abincin wuta ce. Gaskiya ne. A Ostireliya, inda aka kai gamba don kiwo aka bar ta ta bazu babu mai yanka, ta zama annoba mai ƙara ƙarfin wutar daji. Maganin shi ne abin da iyayenmu ke yi: a yanke ta da kaka, a bar tushe kamar kamu ɗaya, a saƙa zana. Kada a dasa ta jikin ɗaki, kusa da madafa ko rumbu, ko inda za ta tare wa mai gadi gani. A bar fili sharare tsakaninta da gini.

Wasu kuma za su ce: mutanen da ke fama da neman abinci da kwanciyar hankali, ina ruwansu da fure? Amsarmu ita ce, saboda haka ne ma ba mu da kuɗi ko ruwan da za mu zubar a kan abin da zai mutu. Duk abin da muka lissafa a sama yana ba da inuwa, ko shinge, ko rufi, ko ɗan abin sayarwa, ban da kyan gani. Wanda ke zaman haya ko gudun hijira ma yana iya sa alobera a fasasshiyar tukunya, ranar komawa gida ya ɗauki abinsa.

Saboda haka muna roƙon dattawa: kafin a taɓa asusu, a zauna da zumuntar mata, tun da su ne masu ɗibar ruwa. A sa matasa su roƙi tushen gamba da jema wajen manoma, a tsaga su, a rage ganyen, a dasa a watan Yuli bayan ruwa ya zauna. A kewaye dashen da ƙaya saboda awaki, a rufe gindinsa da kara ko ganye. A fara da layi ɗaya bana. Abin da ya kai bazara da ransa, shi za a ƙara baɗi, a kuma ba maƙwabta iri, kowa da kowa, domin iska da zaizaya ba su san iyakar gidan wani ba.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kuma zaunar da ƙasarmu lafiya.